Ragowar Muhawarar Lauya

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Tunda kin ce a asibitinku waya ba ta kamawa sai an hau kan tankin ruwa, na koma biro da takarda kamar wata tsohuwa. Direban motar kasuwa zai riƙa kawo miki.

Na fara aiki. Tarihin duniya suka ba ni, ajin ƙarshe, zaratan samari da 'yan mata, wasunsu sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsu. Ba zan ɓoye miki ba, ranar farko da na tsaya gaban allo alli ma sai da ya karye a hannuna. Sai na tuna yadda kike ɗaure fuska in za ki yi wa mutum allura, na ari fuskar.

Tun kafin su gama ƙare mini kallo na zayyana musu dokokina. Wanda ya makara ya shigo shiru ya zauna a gaba. Wanda ya kwafi aikin wani, shi da mai aikin duk sifiri. Waya kuwa, na gan ta a hannu na karɓe, sai an tashi in mayar. Amma dokar da nake ji da ita ita ce ta muhawara. Ina da wani gwangwanin madara da nake zuba 'yan takardu a ciki, kowa ya sa hannu ya ciro. Ɓangaren da ka ciro shi za ka kare, ko na azzalumi ne, ko zuciyarka na tashi. In an gama zagayen farko sai a yi musaya, mai karewa ya koma mai tuhuma, ba mai fita daga ajin a ɓangaren da ya fara. Na ce musu mutum ba ya gane yadda jama'a suka yarda da ɓarna sai ya ji irin daɗin bakin da aka yi musu.

Akwai wata yarinya 'yar kafinta, 'yar firit da ita, mai tabarau. Lauya suke ce mata, kuma ba su yi ƙarya ba. Ina gama dokokin ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in ke kika makara fa?" Na ce ni ma in zauna a gaba. Ta ce, "Ai dama a gaba kike." Aji ya kwashe da dariya, fuskar aron nan ta ƙi zama, ni ma na dara.

Mako mai zuwa za mu shiga cinikin bayi ta teku, kuma da shi za a buɗe gwangwanin. Ki sa ni a addu'a. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki, muna lafiya, yara na gaida ke. Ƙaramin ya ce a tambaye ki ko a tarihin duniya akwai labarin ƙwallo.

To Malama mai dokoki, sannu da ƙoƙari. Ke da ko kaza aka ce ki kora sai kin ba ta haƙuri, yau ke ce mai karɓe wayar 'ya'yan mutane. Na ji daɗi, ba na ce ban ji ba.

Amma gwangwanin nan naki bai kwanta mini ba. Ke kin san wasa ne, yaran sun san wasa ne. Wanda ya wuce ta bayan taga fa? Ni a nan ko magani zan ba mutum sai na bari ya shanye a gabana, domin rabin magani ya fi rashinsa illa. Ki koya musu shekarun yaƙe-yaƙe da sunayen koguna su ci jarrabawa, ki koma ɗakinki lafiya. Ba a kai ki can don ki gyara duniya ba.

Kuma ki riƙa cin abinci. Na san ki, in kika samu littafi sai ki manta kina da ciki.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. In kin hau tankin kin kira ni ba ki samu ba, ni na kashe wayar, don masu kiran da ban san su ba sun yi yawa.

Mun yi muhawarar. Lauya ta sa hannu a gwangwani ta ciro ɓangaren masu jiragen da suke dakon bayi. Na ga ta yamutsa fuska, har ta ce ko za a canza mata, na ce doka doka ce. Ta tafi ta yi karatu, irin karatun da ban taɓa ganin ɗalibi ya yi ba. Ranar ta tsaya ta gyara tabarau, ta zama wani mutum daban. Ta yi maganar riba, ta yi maganar tashoshin jiragen ruwa da suka bunƙasa, sannan ta dubi aji ido cikin ido ta ce, "Waɗanda ke cikin jirgin nan ba mutane ba ne, kaya ne, kuma mai kaya yana da ikon kayansa." Ni kuwa a raina ina cewa yau darasi ya shiga.

Daidai nan na hango wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga waya tana ɗauka. Na taka na karɓe. Ta hau magiya, ƙawayenta suka taya ta, aka ɓata lokaci ana ka-ce-na-ce, sai ƙararrawa. Na ce zagaye na biyu sai darasi na gaba. Da aka tashi na mayar mata da wayarta kamar yadda dokata ta ce, ko buɗewa ban sa ta yi ba.

Yaya, bidiyon ya tsaya ne daidai inda hannuna ya rufe wayar. Ba gwangwani a ciki, ba bayanina, ba musaya. Yarinya ce kawai da kayan makaranta tana cewa mutane kaya ne, sai hannun malama, sai duhu. Wai mai wayar ta tura wa wata ƙawarta ne don ta ga iya maganar Lauya. Kafin gari ya waye wani ya rubuta a ƙasansa cewa ga abin da ake koya wa 'ya'yanmu.

Shugaban makaranta ya dakatar da muhawara har sai abin da hali ya yi. Lauya ba ta sake zuwa ba. Jiya da zan fito, maigadi ya ce in bi ta ƙofar baya, wai akwai mutane a bakin get suna tambayar wace ce mai tarihin. Na bi ta bayan banɗakunan ɗalibai ina tafe ina waiwaye. Mai shagon da nake sayen sabulu ya ba ni canji bai dube ni ba. Ko babur ne ya rage gudu a kusa da ni sai in ƙara sauri.

Tsoro nake ji, Yaya. Kada ki ce kin faɗa mini, na san kin faɗa.

Auta

*

Zuwa ga Malamar tarihi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin yarinyar da suke kira Lauya. Ki gafarce ni da na rubuto ban zo ba. Na zo makaranta an ce ba kya nan, kuma ni ba na son in bar gida ya daɗe babu namiji a kwanakin nan.

Malama, ni kafinta ne, ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da na sani shi ne yarinyar nan ta yi kwanaki tana karanta wani littafi a shagona tana share hawaye, na tambaye ta, ta ce aikin makaranta ne. Ta nuna mini zanen cikin jirgin bayi, yadda aka jera mutane kamar yadda nake jera katako. Ranar ban iya cin abinci ba. To yau ita ake cewa ta ce mutane kaya ne.

An rubuta "mai kaya" da baƙin fenti a ƙofar shagona. Na kankare, aka sake. Wani da na yi wa gadon aurensa da hannuna ya aiko a ɗauke katakonsa. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ƙannenta sun dawo daga ɗiban ruwa an jefe su, ita kuma ta shige ɗaki ba ta magana. Yarinyar da sai mun roƙe ta take yin shiru mu ji labarai a rediyo. Mahaifiyarta tana kai mata abinci tana dawowa da shi.

Na samu shugaban makaranta, ya ce bincike ya nuna yarinyar ce ta wuce gona da iri, ba haka aka sa ta ba. Ita kuma abu ɗaya ta faɗa mini kafin ta rufe baki, wai ke kika ce doka doka ce.

Ban zo da faɗa ba. Tambaya ce kawai, wanne ne gaskiya? An ce za a tara iyaye ranar Asabar. Ina so in san da wace fuska zan shiga.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mahaifin ɗalibarki

*

Auta,

Muna lafiya, sai tunaninki. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban ce na faɗa miki ba, kin ga na yi ƙoƙari.

Ki saurare ni da kyau. Ki haɗa kayanki a jaka ɗaya ki biyo direban nan ranar da zai dawo. Littattafan ki bar su, ba za su gudu ba. Na gyara miki ɗakin yara. Na ga irin waɗanda ake kawo mana nan bayan taron jama'a ya hau su, kuma duk cikinsu babu wanda bai da bayani mai kyau a bakinsa, ba a dai tsaya an ji ba ne. Mama da za ta rasu ni ta damƙa wa ke, ba makarantar nan ba.

Yarinyar tana da uba, yana tsaye a kanta. Ke wa kike da shi a garin? Ki ce ba ki da lafiya, ni zan rubuta miki takardar asibiti, ai aikina ne. In ƙura ta lafa sai a san abin yi.

Kada ki je taron nan. Ba shawara nake ba ki ba.

Yayarki

*

Yaya,

Barka da aiki. Direban ya zo ya tsaya a ƙofa yana danna oda, na leƙa na ce masa ya tafi. Jakar a haɗe take, tana nan bayan ƙofa, ban kwance ba, ban kuma ɗauka ba.

Shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa. Ba mugu ba ne, Yaya, shi ma idonsa ya faɗa, fankar sama na juyawa amma gumi yake yi. Ya ce abin mai sauƙi ne. Ranar Asabar in tashi in ce na ba da aikin nazari, yarinya ta ƙara nata gishirin, makaranta ta yi mata gargaɗi. Ya ce ita yarinya ce, za a yi mata uzuri a manta, iyaka a sauya mata makaranta. Amma in aka ji malama ce ta sa ɗalibi ya kare cinikin bayi, to ni na tafi, shi ma ƙila ya bi ni, kuma ba ya da tabbacin get ɗin makarantar zai tare mutane. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi gwangwanin ya ajiye. Na ce yana gida. Ƙarya nake, yana cikin jakata, ina jin takardun suna motsi.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ni da na tsaya gaban aji ina koya musu yadda mutanen kirki suka yi shiru aka yi ɓarna, sai ga ni ina kallon ƙafar teburinsa.

Mahaifinta ya rubuto mini. Tambaya ɗaya ya yi, na kasa amsawa. Na ɗauki biro na ajiye ban san sau nawa ba.

Na shiga ajin yau, kujerarta a gaba ba kowa. Yaran sun yi tsuru-tsuru, ba mai tambaya, ba mai tsokana. Mai wayar ta zo bayan darasi tana kuka kamar ranta zai fita, ta ce a kore ta ita. Na ce ta je ta wanke fuska. Me korarta za ta gyara? Da na bar ta ta ci gaba da ɗauka, da ban ɓata lokacin ba, da an yi musayar, da yanzu ba wannan maganar ake ba. Dokata ce ta yanke bidiyon nan, hannuna ne a ciki.

Kin ce wa nake da shi a garin. Ba kowa. Shi ya sa ko ƙofar maƙwabta aka buga sai in tashi in duba sakata. Ina son aikin nan, Yaya, kuma ina son in tsufa da haƙorana a bakina. Ban san abin da zan yi ba.

Auta

*

Malama,

Ina kwana, ya aiki. Baba bai san na rubuto ba, Umma ce za ta ba maigadi.

Na ji abin da shugaba ya ce wa Baba. Ban yi fushi ba. In kin faɗi haka ranar Asabar ma ba zan ƙaryata ki a gaban mutane ba.

Amma Malama, kin ce ba mai fita a ɓangaren da ya fara. Kowa a ajin ya koma gida shi ne shi, ni kaɗai aka bari a cikin jirgin nan tare da masu shi. In na rufe ido muryata nake ji tana faɗin maganar nan. Shi ya sa ba na son in buɗe baki, ji nake kamar ita ce za ta sake fitowa.

Na shirya zagaye na biyu tun kafin na farko. Shi na fi shiryawa. Duk abin da na faɗa na san inda zan kama shi in karya.

Ina jin tsoron mutanen, sosai. Amma ina bin ki zagaye ɗaya. Ko a ofis ne, ko ke kaɗai ce, a bar ni in yi.

Ɗalibarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma lafiyata ƙalau, na fara da wannan don ki zauna. Na je taron. Ki yi mini faɗan in na zo.

Ɗakin taron ya cika har tagogi, har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar. Shugaba ya yi jawabinsa ya miƙo mini lasifika, yana kallona kallon roƙo. Na ciro gwangwanin daga jaka na ɗora a tebur.

Na ce yarinyar nan ba ta ƙara komai ba. Daga cikin gwangwanin nan ta ciro ɓangarenta, ta roƙi a canza mata na hana, kuma hannun da ya rufe wayar nawa ne. Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Wani ya jefo robar ruwa ta daki allon sanarwa a bayana. Wani mai ƙatuwar murya ya ce, "To ke ce mai kayan ke nan." Na dafa teburin.

Ban san inda na samo sauran maganar ba. Na ce a ajina ba a ɗaga waya, amma yau na janye dokar. Duk mai waya ya fito da ita ya ɗauka, da sharaɗi ɗaya, wanda ya fara kada ya tsaya sai yarinyar ta zauna. Rabin darasi kuka gani, ga ragowar.

Ta taso daga gefen mahaifinta, shi ma ya taso ya biyo ta ya tsaya a bayanta da hularsa a hannu. Da farko muryarta ba ta fita, har wani ya yi tsaki. Sai ta gyara tabarau. Ta maimaita maganar nan ta mutane kaya ne da bakinta, na ce a raina shi ke nan. Sannan ta ce, "In kaya ne, me ya sa kuka sa musu sarƙa? Wa ya taɓa ɗaure buhu don kada ya gudu gida wurin uwarsa?" Daga nan ba ta sake waiwayowa ba. Ta bi duk abin da ta faɗa a bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ta rushe shi. Wata tsohuwa a layin gaba ta rufe fuska da gyale. Wasu sun fice tun tana tsakiya, mai ƙatuwar muryar na cikinsu, kuma su ne nake tunani har yanzu.

An dakatar da ni sai hukuma ta zauna. Gwangwanin ma an taka shi a turmutsutsun fita, ya lotse. Maigadi ya raka ni har bakin titi, kuma har na iso ɗaki ina waiwaye. Tsoron bai tafi ba, amma na ci abinci.

Zan biyo direban jibi. A gaya wa ƙaramin akwai labarin ƙwallo.

Auta

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa, da fatan kin isa wurin 'yar'uwarki lafiya. Direba ya ce ya san gidan.

Sabon bidiyon bai yi gudun na farko ba. An sake rubutu a ƙofata, amma wannan karon maƙwabcina ne ya riga ni kankarewa. Yarinyar ta koma makaranta, ni nake kai ta ni nake ɗauko ta. Jiya ta hana mu jin labarai, sai da mahaifiyarta ta roƙe ta ta yi shiru.

Ga ɗan akwati nan na yi miki da ragowar katako, da rami a sama daidai hannun yaro. Ba ya lotsewa. Ban san ko za a mayar da ke ba. Ita dai ta ce in gaya miki kin makara, kuma kujerar gaba tana nan.

Allah ya tsare.

Mahaifin Lauya